Lauyan Ƙirƙira da Buƙatar Ilimi Biyu

Dokar da ke kare haƙƙin mai ƙirƙira a Nijeriya ta shekarar 1970 ce, kuma ta bai wa wanda ya ƙago wani abu damar mallakarsa na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardunsa, muddin abin sabo ne, basira ce ta samar da shi, kuma masana'anta za ta iya sarrafa shi. Sai dai ofishin rajista da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya bincika ko abin sabo ne da gaske, don haka takardar mallakar da ya bayar tana iya rushewa a Babbar Kotun Tarayya duk ranar da wani ya ƙalubalance ta.

Ke nan nauyin ya koma wuyan lauyan da ya tsara takardun, musamman sashen da'awa, wato jumlolin da ke shata iyakar abin da mai ƙirƙira ya mallaka, kamar yadda ake shata iyakar gona. In lauyan ya ƙuntata su, masu kwaikwayo za su raɓa ta gefe. In ya faɗaɗa su fiye da kima, kotu za ta soke. Wanda bai san kimiyyar haɗa magunguna ba, da wuya ya rubuta da'awar magani irin Niprisan, maganin sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar daga tsirrai, wanda ya sami takardar mallaka a Amurka a 1998. A can Amurka ma, ba a barin mutum ya zauna jarrabawar wannan aiki sai yana da ilimin kimiyya ko injiniyanci.

Maganar ta shafi Hausawan Agege da ke Legas kai tsaye, domin unguwar na maƙwabtaka da masana'antun Ikeja, kuma cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO tana Oshodi. Mai walda ko makaniken da ya gyara injin niƙa ta wata sabuwar hanya yakan baje shi a kasuwa ko a Facebook, alhali bayyana ƙirƙira kafin rajista yana kashe sabuntarta a idon doka. Wannan asara ce babba, kuma rashin mai ba da shawara da harshen da maƙeri ke ji ne yake jawo ta.

Ya kamata iyaye da shugabannin al'umma a Agege su ƙarfafa wa matasan da suka karanta kimiyya gwiwa su ƙara da karatun lauya, masu sana'a kuma su nemi hukumar NOTAP, wadda ke taimaka wa masu ƙirƙira yin rajista, tun kafin su nuna wa kowa aikinsu.