Ko Ka San Ƙaramin Rim Ba Ya Rage wa Mota Tsayi?

Mota guda za a iya ɗaura mata rim mai inci 15, ko 16, ko 17, ko 18, amma tsayin ƙafarta daga ƙasa zuwa saman taya ya tsaya kusan yadda yake. Wannan shi ne abin da masu motoci da yawa ba su lura da shi ba, kuma rashin lura da shi ne ke sa mutum ya biya kuɗi masu yawa ya sayo wa bayansa ciwo. Duk wanda ya zaga wajen masu sayar da kayan mota a Tudun Wadar Kaduna, daga Panteka zuwa bakin titin Nnamdi Azikiwe, zai ga yadda ake jera manyan rim na alminiyam suna ƙyalli, matasa na taya su. Ƙananan kuwa an tara su a gefe kamar ba su da daraja. Ni a ganina, a kan hanyoyin da muke bi, waɗancan na gefen su ne suka fi cancantar a saya.

Hujjar tana rubuce a jikin kowace taya. Ɗauki wadda aka rubuta wa 195/65 R15, irin da ake gani a Corolla da Golf. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 195. Ta ƙarshe girman rim ne, inci 15. Ta tsakiya ita ce mai ban sha'awa, domin ba milimita ba ce, ba inci ba ce, kaso ne: tsayin gefen taya, daga bakin ƙarfe zuwa inda take taɓa ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta. Wato ma'auni iri uku a layi ɗaya, kuma haka duniya ta amince a rubuta. In ka buga lissafin, gefen wannan taya ya kai kimanin milimita 127. To dubi 'yan'uwanta da kamfanin Volkswagen ke sa wa Golf ɗin nan dai. Mai lamba 205/55 R16 gefenta kimanin milimita 113 ne, mai 225/45 R17 kimanin 101, mai 225/40 R18 kuwa 90 cif. Amma in ka haɗa ƙarfen da robar sama da ƙasa, dukansu huɗun suna tsakanin milimita 632 da 637. Bambancin bai kai kaurin fensir ba. Ke nan duk incin da ƙarfe ya ƙaru, iska ce aka ƙwace wa wuri. Wanda ya tashi daga 15 ya koma 18 bai ƙara wa motarsa tsayi ba, ya dai zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ke tsakaninsa da dutse.

Me ya sa wannan iskar take da muhimmanci haka? Domin taya ita ce sifirin na farko a mota. Kafin bugun rami ya isa ga sifirin na ƙarfe, kafin shokabzoba ya san abin da ake ciki, gefen taya ya riga ya lanƙwashe ya shanye wani kaso. Ƙananan girgiza masu sauri, irin na tsakuwa da kwaltar da ta tsattsage da gargadar layukan cikin unguwa, shokabzoba ba ya iya bin su ɗaya bayan ɗaya, roba da iska ne ke haɗiye su. Tamkar bambancin kwanciya a katifa mai kauri ne da kwanciya a tabarma bisa siminti. Da ma don haka aka ƙirƙiri tayar iska. John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya yi rajistar tasa a 1888, wadda ya ƙera don keken ɗansa ya daina jijjiga a kan titunan dutse, kuma Robert William Thomson ya riga shi yin rajistar wannan dabara tun 1845. Akwai kuma batun nauyi. Babban rim galibi ya fi nauyi, kuma nauyin yana ƙarƙashin sifirin ne, ba a kansa ba. Duk lokacin da ƙafa mai nauyi ta daki tudu, da ƙarfi take tashi sama, da wuya kuma shokabzoba ya mayar da ita ƙasa, sai bugun ya ratsa bodi ya iske mazauna ciki. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada Golf ɗaya da rim daga inci 15 zuwa 19, ta samu cewa mafi girman ya ƙara shan mai da kusan kashi 10 cikin 100, kuma motar ta ɗan rage ƙarfin tashi.

Mutumin Kaduna ma ba ya bukatar mujallar Amurka ta gaya masa. Kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma Fijo 504 da ya yi ta fitarwa har zuwa tsakiyar shekarun 2000 rim ɗinta inci 14 ne kacal, da taya mai faɗin milimita 175 wadda gefenta ya kai wajen milimita 140. Motar da ta yi suna a faɗin Afirka wajen laushi a mummunar hanya ke nan, wadda Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1975. Gaskiya ne sifirin ɗinta dogo ne, kujerunta kuma masu taushi, amma rabin labarin yana cikin wannan tulin iska da take tafiya a kai. Abin mamaki ma, motocin tseren Formula 1, waɗanda suka fi kowace mota iya cin kwana, da rim mai inci 13 suka yi ta gudu shekaru da dama har ƙarshen 2021. Sai a 2022 aka mayar da su inci 18, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tayoyinsu su yi kama da na motocin da ake sayarwa a kasuwa. 

Za a ce, ai ƙaramin rim zai sa cikin mota ya riƙa gogar tudun rage gudu da bakin kwalbati. Lissafin da ya gabata ya riga ya amsa wannan. Muddin an zaɓi taya mai tsayin gefe daidai da abin da aka rage a ƙarfe, cikin mota yana nan inda yake. Matsalar tana zuwa ne in aka rage rim aka kuma sa duk tayar da aka samu. A nan zagayen ƙafa zai ragu, mota ta sauka, agogon gudu ya riƙa nuna abin da ya fi gudun gaskiya, har na'urar hana birki kullewa ta iya rikicewa in ƙafafun ba su yi daidai da juna ba. Shi ya sa masana taya ke cewa kada bambancin tsayin ƙafa ya wuce kashi 3 cikin 100 na asali.

Za a kuma ce siririyar taya ta fi riƙe hanya a kwana, sitiyari kuma ya fi jin magana. Wannan gaskiya ne, ba abin musu ba. Dogon gefe yana ɗan karkata kafin mota ta amsa, kuma direban da ya saba da inci 18 zai ji wannan jinkirin. Tambayar ita ce a ina ake cin ribar. Ana cin ta a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta da gudu mai yawa. Wanda zirga-zirgarsa daga Kasuwar Barci ce zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, tsakanin Keke Napep da babura, da wuya ya kai gudun da zai ga amfanin, amma kullum zai biya farashin. Ko manyan titunan da aka gyara a shirin sabunta birni da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019 ba su kai mutum ƙofar gidansa, sai ya sauka ya shiga layi. Da damina kuwa ruwa na rufe rami har ba a san zurfinsa. In taya mai gefen milimita 90 ta faɗa ciki, bakin rim ne ke matse roba a jikin kwalta, zaren ciki ya tsinke, ƙulu ya fito a gefe. Irin wannan ƙulun ba ya facuwa, sai dai a sake taya. Rim na alminiyam kuma kan tsage, alhali na ƙarfe lanƙwashewa yake yi a buga shi ya dawo. Tun da masana'antar Michelin ta Fatakwal da ta Dunlop ta Ikeja suka daina aiki a tsakanin 2007 da 2008, kusan duk tayar mota daga waje ake shigo da ita, kuma mai inci 18 ta fi mai inci 15 tsada nesa ba kusa ba.

Iyaka ta gaskiya ɗaya ce, birki. Faifan birki da maƙalarsa a cikin rim suke zaune, don haka motar da aka ƙera da babban birki ba za ta karɓi ƙaramin rim ba ko an so. Hanya mafi aminci ita ce a duba girma mafi ƙanƙanta da kamfanin ya fitar wa wannan samfurin, wanda sau da yawa yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Camry ta 2007 zuwa 2011, misali, ta zo da 215/55 R17 ta kuma zo da 215/60 R16, don haka komawa 16 komawa gida ne. Sai a tabbata ramukan noti sun dace, domin Camry da Golf duk suna iya zama masu noti biyar amma tazarar ba ɗaya ba ce, a kuma duba lambar ɗaukar nauyi ta sabuwar tayar kada ta gaza ta tsohuwar. Takardar ƙofar nan dai ita ke faɗin yawan iskar da za a sa, wanda a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35 a geji. Masu faci da dama sun saba bugawa har 45 ko 50 don taya ta yi tsaye, kuma tayar da aka cika haka, ko da ta inci 15 ce, za ta riƙa duka kamar ta 18.