Zaren Gilashi: Yadda Ake Rarraba Shi Ya Kai Ga Ƙauyuka

Daga Wakilinmu

Ma'aikacin gwamnati da ke dakon saƙon albashi a wayarsa, da ɗalibin da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, duka sun dogara ne ga wani abu da galibinsu ba su taɓa gani ba. Idan mutumin Balan a Ƙaramar Hukumar Gaya, ko na Ajingi, ya buga waya, muryarsa takan bi iska zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga can kuwa, ko nan take ko bayan ta ratsa 'yan turaku, sai ta faɗa cikin wani zare na gilashi da aka binne a ƙasa, wanda ma'aikata ke kira fayiba.

Shi wannan zare kaurinsa kashi ɗaya ne cikin takwas na milimita, watau bai fi silin gashi da yawa ba, kuma haske yake ɗauka, ba wutar lantarki ba. Wani masani mai suna Charles Kao ne ya nuna a Ingila cikin 1966 cewa gilashi mai tsabta zai iya kai saƙo nesa, sa'an nan kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irinsa a 1970.

Ba a binne zaren shi kaɗai. Akan tara sili 24, ko 48, ko 96, har ma fiye, cikin kebul guda mai baƙar riga, an kasa su goma sha biyu-biyu cikin ƙananan bututai. Kowane sili da launinsa: na fari shuɗi, na biyu ruwan lemo, na uku kore, na huɗu ruwan ƙasa, haka har zuwa na 12. Su ma bututan da wannan jeri ake gane su. Saboda haka ma'aikacin da ke Wudil da abokin aikinsa da ke Gaya suna iya magana a kan sili guda ba tare da sun ga juna ba.

Wahalar aikin tana wurin rabo. Kamar yadda mai lambu yake ɓalle ruwa daga babbar hanya ya kai kwami, haka ake ɓalle 'yan silaye daga babban kebul a nufi wani turke, ko makaranta, ko sakatariya. Gwani ba ya datse kebul ɗin duka. Sai ya feɗe rigar a tsanake, ya buɗe bututun da yake bukata kawai, ya bar sauran su wuce lafiya, domin a cikinsu akwai maganar garuruwan da ke gaba. Silin da ya ciro sai ya goge shi tas, ya yanke bakinsa daidai, ya sa a wata na'ura da ke narkar da bakuna biyu su zama ɗaya. Daga nan ya sa wa mahaɗar 'yar riga mai tsinken ƙarfe, ya kwantar da ita a faifan da aka yi domin haka, ya naɗe rarar zaren a kewaye. Naɗin nan ma da ƙa'idarsa, gama idan aka lanƙwasa zaren da yawa haske yakan tsiyaye, saƙo ya raunana, alhali kuwa ido ba zai ga wata karaya ba. A ƙarshe sai a rufe faifan cikin akwati wanda ruwa ba ya shiga. A ƙasarmu ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina da ke cika ramuka, ga ɓeraye, ashe rufin nan ba wasa ba ne.

A ganina, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne wanda aka fi rainawa, watau rubutu. Akwatin da ba a rubuta wa kowane sili lambarsa da inda ya nufa ba, ranar gyara sai a yi ta lalube, a je gyaran layin wani a katse na wani.

Amma babbar ɓarna daga waje take zuwa. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta bayyana cewa a 2024 an yanke irin wannan waya fiye da sau 50,000 a Nijeriya, kusan 30,000 daga ciki kuwa aikin hanya ne sanadi. Bakin katafila ba ya tambaya. Akwai kuma masu haƙa da dare suna tsammanin za su sami jan ƙarfe, su ƙare da gilashin da ba mai saye ko da kwabo. Gaya dai garin maƙera ne tun fil azal, har tarihi ya ce daga nan maƙeran da suka zauna a Dala suka fito, don haka bai kamata a ce ƙasar nan ce za a kasa bambance tama da kwalba ba. A cikin 2024 ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umurnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda taɓa su laifi ne.

Har wa yau, a shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na zaren. Ko ina babban kebul ya bi, ba zai shiga kowane gari da kansa ba, sai dai a ɓalle masa reshe, kuma da irin wannan reshe ne Balan da Kademi da Ajingi za su samu rabonsu. Saboda haka ya dace sashen ayyuka na kowace ƙaramar hukuma ya nemi taswirar inda waya ta bi a ƙasarsa, ya ajiye, ya kuma nuna wa ɗan kwangila kafin a soma haƙa magudanar ruwa ko kwalbati. Dagatai da masu unguwanni su ma a sanar da su inda akwatunan suke.