Shin Ko Kun San? Faɗan Keji da Rabon Kuɗinsa

Shin ko kun san UFC, kamfanin da ya fi kowane girma a wasan da ke haɗa dambe da kokawa da shuri a cikin keji, dala miliyan 2 kacal aka saye shi a 2001? 'Yan'uwan Fertitta da abokinsu Dana White ne suka saya. A 2016 aka sayar da shi kan kusan dala biliyan 4.

Shin ko kun san a gasar farko, wadda aka yi a Denba ta Amurka a 1993, Royce Gracie ɗan Burazil ya kayar da mutum uku a dare guda kafin ya karɓi dala 50,000?

Shin ko kun san karawar Khabib Nurmagomedov da Conor McGregor a Oktoban 2018 ce ta fi kowace kasuwa a UFC? Sau miliyan 2.4 aka sayi damar kallonta ta talabijin. Kuɗin kallon kuwa bai tsaya wuri ɗaya ba: daga dala 59.99 a 2019, ya yi ta hawa shekara bayan shekara har ya kai 79.99 a 2023, ban da kuɗin rajistar ESPN+, manhajar da ke nuna wasannin a lokacin. A Agustan 2025 kamfanin Paramount ya sayi hakkin nuna wasannin a Amurka kan dala biliyan 7.7 na shekara bakwai, aka kuma sanar da soke biyan kuɗin kowane wasa daga 2026.

To, nawa ke shiga aljihun wanda ake fasa wa hanci? Nan ne abin ke ci mini rai. Takardun da aka gabatar a kotu sun nuna rabon 'yan wasan bai wuce kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga ba, alhali 'yan kwando na NBA suna ɗaukar kusan rabi. An daɗe sabon shiga yana karɓar dala 12,000 in ya hau, da wasu 12,000 in ya yi nasara. A ciki zai sallami mai horarwa da manaja, ya biya haraji, ga shi sau biyu ko uku kawai yake hawa a shekara. Tun 2015 kuma aka hana shi liƙa tallan kansa a wando. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Shin ko kun san tsofaffin 'yan wasa sun maka kamfanin a kotu a 2014, aka shekara goma ana shari'a kafin a sasanta kan dala miliyan 375?

Najeriya ma ta ci kambu biyu a UFC a 2019: Kamaru Usman haifaffen Auchi da Israel Adesanya haifaffen Legas.

Shin ko kun san Francis Ngannou na Kamaru, wanda ya tashi yana haƙar yashi a garin Batié, dala 600,000 aka bayyana a matsayin ladansa ranar da ya kare kambunsa na UFC a 2022? Ya nemi a yi wa 'yan wasa inshorar lafiya, a bar su su nemi masu talla, ba a daidaita ba. A Janairun 2023 ya bar kamfanin da kambun a hannunsa, a Oktoba kuma ya kara da Tyson Fury a damben zamani a Riyadh. A ganina gaskiya ya yi: wanda ya sa jikinsa shi ya fi cancanta da kaso mai tsoka.