Fatar da ake shukawa a ɗakin gwaji

Tun da wani hoton bidiyo na fuskar mutum-mutumi mai murmushi, wadda aka lulluɓe da fatar da aka shuka a ɗakin gwaji, ya fito daga Jami'ar Tokyo a 2024, ake ta cewa wai Turawa sun fara feɗe mutane suna lulluɓe injuna da fatarsu. Na farko dai masanan Japanawa ne, ƙarƙashin Farfesa Shoji Takeuchi. Na biyu kuma babu wanda aka feɗe.

Ga yadda abin yake. Ana ɗaukar ƙwayoyin halitta daga guntun fatar da likita ya yanke wajen tiyata, wadda da ma zubarwa za a yi. Sai a ɗora su a kan shimfiɗar kolajin, a riƙa ciyar da su, su yi ta hayayyafa kamar yadda ɗan kindirmo ke kama ƙwaryar madara. Idan iska ta taɓa saman, sai ya yi tauri irin na fatar mutum. Ba ta da gashi, ba ta jin zafi, amma sinadari mai ƙuna yana lalata ta kamar yadda zai lalata fuskarki.

A nan amfaninta yake. Kamfanin Episkin na L'Oréal da ke Liyon a Faransa yana shuka irin wannan fata domin gwada man shafawa, maimakon shafa wa zomo a fata. Tun 2013 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a jikin dabba.

Akwai kuma wata fatar da ba ta da rai, wadda ake yi da zaren siliki, ko jelatin, ko ɓawon jatan lande. Ana manna ta a jiki ta auna bugun zuciya ko gumi, idan an gama ta ruɓe. Yawancinta har yanzu tana matakin bincike.

Abin da ke damuna shi ne inda muka ajiye tsoronmu. Muna firgita da fatar gwaji, alhali man bilicin da ake haɗawa a roba a kasuwa, wani da haidrokwinon, wani har da makuri, bai taɓa shiga kowane gwaji ba. Fuskokin matanmu da jikin yara ne wurin gwajinsa. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha yin gargaɗi, amma robobin suna nan jere a shaguna. 'Yar'uwa, duk man da ba ki san abin da ke cikinsa ba, kada ki shafa, kada kuma ki shafa wa ɗanki.