Layi Ya Ɗauke, Taswira Tana Nan

Idan lokacin bitar aikin Hajji ya zo, akwai shawarar da tsofaffin alhazai ba sa mantawa da bai wa maniyyata: kana sauka Jidda ko Madina ka nemi layin Saudiyya, don in babu layi wayarka ba za ta san inda kake ba, in ka ɓace a Mina sai dai wani ikon Allah. Shawara ce ta masu son alheri, kuma sayen layin ba laifi ba ne. Da layin STC ko Mobily ko Zain ake kiran jami'an jiha, a tura wa abokin ɗaki hoton inda aka tsaya, a ji muryar gida ba tare da kuɗin kira sun cinye guzuri ba. Inda nake neman afuwar iyayenmu shi ne dalilin da suke bayarwa.

Ba layi ne ke gaya wa waya inda take ba. Akwai taurarin ɗan'adam na GPS, kusan 30, mallakar gwamnatin Amurka, suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200, kowanne yana ta shelar lokaci da matsayinsa. Aikin waya saurare kawai. Da ta kama saƙon huɗu daga cikinsu sai ta lissafa inda take. Kamar rediyo ne: ba ka sa kati kafin ka kama tasha, tashar kuma ba ta san kana ji ba. Yawancin wayoyin yanzu ma har taurarin Rasha (GLONASS) da na Turai (Galileo) da na Sin (BeiDou) suke saurare. Ko an zare layin gaba ɗaya, ɗigon nan mai launin shuɗi da ke nuna inda kake a taswira zai bi ka, sai dai yakan ɗan jima kafin ya daidaita.

To me ya sa mutane suka yarda da akasin haka? Don sun gani da idonsu, kuma ba ƙarya suke ba. Alhaji ya buɗe Google Maps a Muzdalifa, sabis ya cushe saboda taron mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi a fili guda, ya ga ɗigo a kan farin allo, babu titi babu suna. Abin da ya rasa zanen taswirar ne, wanda wayar ke ɗaukowa ta intanet a lokacin da ake dubawa. Shi kuwa zanen ana iya sauke shi tun a gida, a ajiye Makka da Mina da Arfa da Madina a cikin waya. Google Maps na ba da damar haka, amma idan babu data hanyar mota kaɗai yake tsarawa, alhaji kuwa a ranakun Mina ɗan ƙafa ne. Manhajoji irin su Organic Maps, masu aiki da taswirar OpenStreetMap, suna nuna hanyar ƙafa ko babu sabis.

Wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya ɗauka layi ne komai, da sabis ya ɗauke sai ya mayar da wayar aljihu ya kama bin ayarin da bai sani ba, alhali da ya sa wa tantinsa alama a taswira ranar takwas ga wata, da ya ga ko gabas zai yi ko yamma. Tantunan Mina duk fari ne, duk kamarsu ɗaya, ga gajiyar jifa. Ɓatan awa biyu a rana irin ta Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50 a Makka aka kuma rasa mutum fiye da 1,300, ba abin da za a yi wa dariya a ɗaki ba ne.

Kada kuma a juya maganar a ce waya ta gama komai. Saƙon tauraro ba ya ratsa dutse, don haka a cikin ramukan da ke kai wa Jamrat, ko a benayenta na ƙasa, ɗigon yakan tsaya cik. A gindin dogayen otal-otal na kusa da Harami kuma yakan yi tsalle ya ajiye ka a wani titin. Taswira ba ta san hanyar da askar suka rufe ba. In sun ce a zagaya, a zagaya. Kuma abin da ya fi kashe taswira a Mina caji ne: allo a kunne cikin rana yana shanye batir, wayar ta yi zafi ta kashe kanta. Na'urar ajiyar caji da katin shaidar alhaji na Nusuk a wuya sun fi ƙarin data amfani a wannan ranar.

Layin gida kuwa kada a bar shi a Kano ko Maraɗi don an ce za a sayi sabo. Ta cikinsa banki ke turo lambar sirri idan za a taɓa kuɗi, kuma WhatsApp yana ci gaba da aiki da tsohuwar lamba ko an sa layin Saudiyya, muddin ba a danna canja lamba ba.