Dawowar Sankara Bayan Magani: Yaushe Gano Ta Da Wuri Ke Ceton Rai?

Idan aka yi wa mai ciwon sankara tiyata aka cire ƙarin gaba ɗaya, aka bi shi da magungunan kemo ko gashi, sannan hotuna suka nuna babu sauran komai, ma'anar hakan ita ce na'urorin da ke hannu ba sa ganin cutar, kuma rashin ganinta bai tabbatar da cewa ta bar jiki ba. Ƙari mai faɗin santimita ɗaya, wanda hoton CT ke iya nunawa, yana ɗauke da ƙwayoyin halitta miliyan 100 ko fiye, saboda haka dubban ƙwayoyi na iya laɓewa a hanta ko huhu ko ɓargo ba tare da sun bayyana ba, kamar jijiyar ƙiri-ƙiri da ke saura cikin ƙasa bayan an nome gona tsaf. Wannan ragowar da ba ta ganuwa ita ce tushen dawowar cutar, kuma saboda ita ake ci gaba da kiran majiyyaci asibiti shekaru bayan an sallame shi.

Lokacin dawowar ya danganta da nau'in sankarar. A sankarar babban hanji, kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda cutar ke dawo musu suna ganinta ne cikin shekara 3 na farko, kuma bayan shekara 5 haɗarin yana raguwa ƙwarai. Sankarar mama wadda ke girma da sinadarin mata na estirojin tana da wani hali dabam, domin wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa matan da suka kammala shan magani na shekara 5 suna ci gaba da fuskantar dawowarta har zuwa shekara 20, inda haɗarin ya kama daga kashi 13 zuwa kashi 41 cikin 100, gwargwadon girman ƙarin da yawan kaluluwar da cutar ta taɓa tun farko.

Sankarar hanji ce ta fi koyar da likitoci amfanin bibiya da kuma iyakarta. A 1965 masana biyu a Montreal ta Kanada, Phil Gold da Samuel Freedman, suka gano wani furotin da ake kira CEA, wanda yawancin ƙarin hanji ke zubawa cikin jini, ta yadda hauhawarsa bayan tiyata kan zama alamar farko ta cewa cutar ta sake motsi. Gwajin yana da rauninsa, domin yakan hau a jikin mashaya taba da masu ciwon hanta ko da babu sankara, wasu ƙarin kuma ba sa fitar da shi sam, shi ya sa ake haɗa shi da hoton CT da kuma leƙa cikin hanji da na'ura mai kyamara shekara guda bayan tiyata. Dalilin wannan ɗawainiya duka shi ne, sankarar hanji da ta dawo a wuri ɗaya ko biyu cikin hanta ana iya yanke ta, kuma tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan aikin suna rayuwa shekara 5 ko fiye. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan marasa lafiya 1,202, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2014, ya nuna cewa bibiya da CEA ko CT ta ninka kusan sau uku yawan waɗanda aka samu damar sake yi musu tiyatar neman waraka, daga kashi 2.3 zuwa kimanin kashi 7 cikin 100. Sai dai haɗa gwaje-gwajen biyu bai ƙara komai a kan guda ɗaya ba, kuma ba a ga bambanci bayyananne a yawan mace-mace ba.

Abin da ya fi girgiza likitoci ya fito ne daga sankarar gidan ƙwai na mata, wadda ake bibiyarta da gwajin jini na CA125. A wani gwaji da Gordon Rustin ya jagoranta, aka wallafa a 2010, an raba mata 529 da gwajinsu ya hau gida biyu: wasu aka fara musu kemo nan take, wasu aka jira har alamomi suka bayyana. Rukunin farko sun fara magani kusan wata 5 kafin na biyu, amma tsawon rayuwarsu bai ƙaru ba, illa dai sun riga 'yan uwansu shiga wahalar magani da fargaba. Wannan sakamako mai ɗaci ne, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake, domin yana nuna cewa gano dawowar cuta da wuri yana amfani ne idan akwai maganin da farawa da shi da wuri zai sauya makoma. In babu shi, abin da majiyyaci ya samu shi ne ƙarin watannin sanin mummunan labari.

Sabuwar hanyar da ta ja hankalin masana a shekarun nan ita ce neman ɓurɓushin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wanda ƙwayoyin sankara ke saki cikin jini idan sun mutu. Ana fara karanta sauye-sauyen gado da ke cikin ƙarin da aka cire, sannan a riƙa neman waɗannan sauye-sauyen a jinin mai shi, kuma da yake ɓurɓushin ba ya wuce 'yan sa'o'i a jini kafin jiki ya share shi, samunsa makonni bayan tiyata shaida ce mai ƙarfi cewa akwai ragowar cuta da rai. A 2015 masu bincike a Landan suka nuna cewa gwajin yana hango dawowar sankarar mama kimanin wata 8 kafin ta bayyana. A 2016 Jeanne Tie da abokan aikinta a Ostireliya suka ba da rahoton cewa, cikin masu sankarar hanji mataki na biyu da ba a ba su kemo ba, kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka samu ɓurɓushin a jininsu cutar ta dawo musu, alhali kashi 10 kacal ta dawo wa cikin waɗanda ba a samu ba. Amfanin da ya fara tabbata, abin mamaki, na rage magani ne, domin a gwajinsu na 2022 kan mutum 455, bin sakamakon jinin ya rage masu karɓar kemo daga kashi 28 zuwa kashi 15 cikin 100 ba tare da dawowar cutar ta ƙaru cikin shekara 2 ba. Duk wanda ya ga yadda kemo ke galabaitar da jiki ya kuma cinye dukiyar iyali zai san cewa wannan ba ƙaramin rabo ba ne.

Duk da haka gwajin yana da tsada kuma yana buƙatar ɗakunan bincike na musamman, don haka ya fi ƙarfin yawancin marasa lafiya a Najeriya, ƙasar da ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya ce ta samu sababbin masu cutar kusan 128,000, ta kuma rasa kusan 80,000 a shekara guda. Akwai darasin da ya fi kusa da hali a wani gwaji na Faransa da Fabrice Denis ya jagoranta, inda masu sankarar huhu suka riƙa aika bayanin alamominsu kowane mako ta intanet, likita kuma ya kira su da zarar wani abu ya sauya. Matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 22.5, na waɗanda aka bi ta hanyar da aka saba kuma wata 14.9. A Najeriya kuwa, majiyyacin da ya taso daga ƙauye zuwa Zariya ko Sakkwato ko Gombe don magani yakan daina komawa da zarar ya ji sauƙi, saboda kuɗin mota da na gwaji, ko saboda ba a bayyana masa dalilin komawar ba, kuma sau da yawa ba ya sake bayyana sai cutar ta bazu.

Hakki ne a kan asibitoci su sallami kowane mai sankara da takarda cikin harshen da yake ji, mai ɗauke da ranakun dawowa, da gwajin da ya dace da nau'in cutarsa, da lambar wayar da za a amsa. Shi kuma majiyyaci da iyalinsa, idan suka ga sabon ƙullutu, ko rama ba dalili, ko jini a bayan gida, ko tari ko ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, su koma wurin likitan da ya yi maganin farko ba tare da jiran ranar da aka rubuta musu ba.