Kayan Shiga Ɗakin Kwanan Jami'a: Nauyin Da Ya Koma Wuyan Iyaye

A duk lokacin da jami'o'in ƙasar nan suka buɗe sabuwar shekarar karatu, tashoshin mota kan cika da matasa masu jan jakunkunan "Ghana-mas-go", da bokitai, da katifu a naɗe. A kasuwanni irin su Samaru da ke kusa da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Bodija da ke kusa da Jami'ar Ibadan, da Yaba a Legas, wannan lokaci kaka ne ga masu sayar da kayan roba da kayan abinci. Ga iyaye kuwa, lokaci ne na lissafi, domin kuɗin makaranta ɗaya ne kawai daga cikin ɗawainiyar da ke gabansu.

Ba haka lamarin yake a da ba. A shekarun 1960 da 1970, ɗalibin da ya sauka a ɗakunan kwana irin su Mellanby da Sultan Bello a Ibadan, ko Suleiman da Amina a Zariya, yakan tarar da gado da katifa, kuma ya ci abinci sau uku a rana a ɗakin cin abinci na jami'a bisa farashi mai rangwame. Ƙarin kwabo 50 da aka yi a kan kuɗin abincin yini a 1978 na daga cikin abubuwan da suka haddasa zanga-zangar ɗalibai da aka yi wa laƙabi da "Ali Must Go". A 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyar da ɗalibai. Tun daga nan tukunya da risho suka shiga jerin kayan ɗalibi. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sun ƙara tsadar kusan duk abin da ke cikin wannan jeri, har da kuɗin motar ɗaukarsa.

Saboda haka dabara ita ce a fifita abin da rashinsa zai jawo hasara mai yawa. Na farko su ne takardu: shaidar samun gurbin karatu daga hukumar JAMB, sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, rasiɗan biyan kuɗi da ƙananan hotuna. Ya kamata a yi musu kwafi da dama, a adana na ainihi a jaka ta dabam da ba za ta bar hannun ɗalibi ba a hanya. Bokiti idan ya ɓata a sayi wani a ranar, amma takarda guda tana iya tsayar da rajista na makonni.

Na biyu shi ne kayan kare lafiya. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna. Gidan sauro mai magani ya fi jinyar mako guda a lokacin jarrabawa arha nesa ba kusa ba. Sai zanen gado biyu, da matashin kai, da bargo ga mai zuwa Zariya ko Jos, inda sanyin hunturu ke da tsanani. Mai zuwa kudu kuwa lema ce za ta fi yi masa amfani. Bokiti biyu da jarka ba ado ba ne, domin a ɗakunan kwana da yawa famfo ba ya kawo ruwa kullum. Haka nan fitila mai caji, saboda ɗaukewar wutar lantarki.

Na uku shi ne abinci. Abin da ya fi dacewa shi ne wanda ba ya lalacewa da wuri: garin kwaki, shinkafa, wake, taliya, ƙuli-ƙuli, yaji, man gyaɗa, da dambun nama ga mai hali. Kafin a sayi abin girki, wajibi ne a binciki dokar ɗakin kwanan da aka ba ɗalibi, domin jami'o'i da dama sun haramta murhun lantarki saboda gudun gobara, kuma sukan ƙwace shi idan sun kama. Tukunya biyu, da faranti, da cokali, da kofi sun wadatar.

Akwai kuma abin da barinsa a gida ya fi alheri. Ɗakin da aka gina domin mutum biyu ko huɗu yakan ɗauki fiye da haka a yau, don haka babu wurin talabijin ko tarin tufafi, kuma kaya masu tsada kiran ɓarawo suke yi. Kwaɗo mai ƙarfi na akwati da na kabad ya fi su muhimmanci. Kaya masu cin wuri kamar bokiti da katifa kuwa, sau da yawa sayensu a garin da jami'ar take ya fi biyan kuɗin dakonsu a mota sauƙi. Abokan ɗaki ma kan haɗa kuɗi su sayi tsintsiya, da dutsen guga, da tukunyar gas inda aka yarda da ita.

Asusun ba da lamuni ga ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu na 2024, ya fara ne da biyan kuɗin makaranta da kuma naira 20,000 a wata na ɗawainiya ga waɗanda suka cancanta. Sai dai wannan kuɗi ba ya zuwa kafin ranar tafiya, don haka kayan farko suna kan iyaye. Iyalin da suka fara tanadi tun ranar da sunan ɗansu ya fito, suna saye kaɗan-kaɗan, su ne ke tsira daga cin bashi da kuma tsadar makon buɗe makaranta.